Nicodemus, garin da aka fara gina shi a ƙarƙashin ƙasa

Hanya mafi sauƙi ta zuwa Nicodemus daga garin Hays na jihar Kansas a Amurka ita ce a bi titi mai lamba 183 zuwa arewa, a ratsa Plainville, a isa Stockton, sannan a karya yamma a kan titi mai lamba 24. Ni dai na fara zuwa Ellis, mil 14 yamma da Hays, domin a nan ne jirgin ƙasa ya sauke akasarin baƙaƙen fatan da suka kafa garin a 1877 da 1878 bayan soke bauta. Daga tashar Ellis zuwa inda suka yada zango akwai kamar mil 35, wato kilomita 56, kuma da yawansu a ƙafa suka taka, suna biye da 'yan amalanken da aka ɗora wa kaya da marasa lafiya. Na bi ƙananan hanyoyin tsakuwa na karkara zuwa arewa, na ƙetare kogin Saline, don in ga irin ƙasar da idonsu ya fara gani.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan yanki shi ne rashin itatuwa. In ka ga layin bishiya daga nesa, to akwai rafi a wurin, ko kuwa wani ne ya dasa su don su tare wa gidansa iska. Sauran duk fili ne mai hawa da sauka a hankali, ciyawa gajera, gonakin alkama da aka girbe, da gonakin dawa. Dawar gajera ce, da ƙyar ta wuce ƙugu, an yi ta ne don injin girbi, kuma Kansas ce jihar da ta fi kowace noma ta a Amurka. Abu na biyu shi ne hanyoyin kansu. Sun miƙe sar, gabas zuwa yamma, kudu zuwa arewa, kuma a wurare da yawa duk bayan mil ɗaya sai ka tarar da mararraba. Wannan tsari ya girmi garuruwan da ke yankin, kuma wanda bai fahimce shi ba ba zai gane yadda ake kafa gari a nan ba.

Tun 1785 gwamnatin Amurka ta yanke shawarar auna ƙasar yamma a kan murabba'i kafin ta raba ta. Masu safiyo kan yanka babban murabba'i mai mil 6 a kowane gefe, su kasa shi gida 36. Kowane gida mil ɗaya ne tsawo da faɗi, eka 640. A raba wannan huɗu, sai a samu eka 160, kusan hekta 65, kuma ita ce gonar iyali ɗaya. A Kansas, gida na 16 da na 36 an keɓe su don kuɗin makarantu. Ƙasar da aka yi wa wannan awo ba maras mai ita ba ce. Wurin farautar ƙabilun asali ne irin su Cheyenne da Arapaho da Pawnee, waɗanda aka tura gefe da yaƙi da yarjejeniyoyin tilas, aka kuma karkashe ɓaunan daji da rayuwarsu ta dogara a kai, 'yan shekaru kaɗan kafin zuwan manoma.

Dokar rabon gonaki ta 1862 ita ce ƙofar shiga. Sharuɗɗanta a bayyane suke. Mai nema ya zama magidanci ko ya kai shekara 21, ɗan ƙasa ne ko ya bayyana niyyar zama, kuma bai taɓa ɗaukar makami a kan gwamnati ba. Zai je ofishin filaye, wanda na wannan yanki yana garin Kirwin, ya rubuta lambar filin da ya zaɓa, ya biya kuɗin rajista. Duka abin da zai kashe daga farko har ƙarshe kamar dala 18 ne. Cikin wata 6 dole ya tare a filin. Zai gina wurin kwana, ya yi noma, ya zauna shekara 5, kuma in ya bar wurin fiye da wata 6 a jere wani na iya kai ƙara a ƙwace. Bayan shekara biyar ɗin sai ya zo da shaidu biyu su rantse cewa ya cika sharuɗɗa, a ba shi takardar mallaka. Mai kuɗi na iya gajarta jiran, ya biya dala 1.25 a kowace eka bayan wata 6. Baƙaƙen fata sun samu tabbacin shiga wannan tsari ne bayan dokar 1866 da gyaran tsarin mulki na 1868 da suka tabbatar musu da zama 'yan ƙasa.

A takarda, gona kyauta ce. A aikace, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Filin ba ya zuwa da garma, ba ya zuwa da dabbar huɗa, ba ya zuwa da iri ko abincin shekara guda. Tarihin Nicodemus na farko kusan duka a kan wannan giɓi yake.

A watan Afrilun 1877 aka kafa kamfanin gari. Mutum bakwai ne, shida baƙaƙen fata, ɗaya farar fata, W. R. Hill, dillalin filaye wanda shi ne kuma ya kafa Hill City, mil 13 yamma da nan. Shugaban kamfanin wani malamin coci ne, W. H. Smith, sakatarensa kuma Fasto Simon P. Roundtree, wanda shi ne ya fara tarewa a wurin cikin watan Yuni. Aikin kamfanin gari a wancan zamani sananne ne: a yi rajistar fili na eka 160, a zana tituna, a yanka filotai, a buga takardun talla, a nemo mutane. Ribar tana cikin sayar da filotai da kuɗin da ake karɓa wajen nuna wa baƙo gonar da zai yi rajista. Sunan garin kuwa, wasu na danganta shi da mutumin nan na cikin Linjila, wasu kuma da wani bawa ɗan Afirka da ake ambata a labaran zamanin bauta.

Hill da Smith sun bi coci-coci na baƙaƙen fata a yankin Lexington da Georgetown na jihar Kentucky suna kira. Lokacin ya dace da kiran. An soke bauta a Kentucky a ƙarshen 1865, amma shekara goma sha biyu bayan haka yawancin 'yantattun bayi na noma ne a gonar wani, a raba amfani, bashi na bin bashi. A 1877 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kare su a kudu. Kansas tana da suna mai kyau a wurinsu, don ta shiga tarayya a 1861 a matsayin jihar da ba bauta. Wata takardar talla da aka raba a Lexington ta ce duk mai son tafiya Kansas ranar 5 ga Satumba, 1877, zai iya da dala 5. Yana da kyau a lura cewa wannan ya riga babbar ƙaurar baƙaƙen fata ta 1879 zuwa Kansas, wadda mutane kan haɗa su wuri ɗaya. Mutanen Nicodemus sun zo ne a ƙungiyance, coci guda, dangi guda, maƙwabta da suka san juna tun a gida.

Ayarin farko, kamar mutum 30 daga Topeka, ya iso a ƙarshen Yuli. Babban ayarin, mutum 300 ko fiye daga Lexington, ya iso a tsakiyar Satumba. A ganina babu kuskuren da ya kai wannan kwanan wata tsada. Bari a yi lissafi kamar yadda manomi zai yi. Wanda ya iso a Satumba ya rasa damina gaba ɗaya. Ba zai iya shuka alkamar hunturu ba, domin ita ana shuka ta ne a Satumba zuwa Oktoba a ƙasar da aka riga aka fasa tun watanni baya. Zai jira watan Mayu na 1878 ya fasa ƙasa, ya samu 'yar masara kaɗan a kakar wannan shekara, ya shuka alkama a Satumba, ya girbe ta a ƙarshen Yuni ko farkon Yulin 1879. Daga ranar saukarsa zuwa ranar da zai ga hatsin sayarwa na kirki, kusan wata 22 ke nan. Ba abin mamaki ba ne da aka ce iyalai da dama sun juya tun washegari, wasu kuma fushinsu ya kai har Hill ya ɓuya na ɗan lokaci.

Ayari na uku, kamar mutum 150 daga Georgetown, ya sauka Ellis a watan Maris na 1878, ƙyanda ta ɓarke a cikin yaransu, aka tsaya jinya kafin a ci gaba. A cikinsu akwai Willianna Hickman, matar Fasto Daniel Hickman, wadda ta ba da labarin isowarsu shekaru da yawa daga baya. Ta ce da maza suka yi ta shelar ga Nicodemus can, ta duba iya ganinta ba ta ga komai ba. Sai mijinta ya nuna mata hayaƙi na fitowa daga cikin ƙasa nan da can, ya ce shi ne garin. Ta ce sai ta fashe da kuka.

Hayaƙin daga gidajen rami yake fita. Inda babu katako, babu kuɗin sayensa, kuma sanyi ya kusa, gidan rami shi ne abin da mutum ɗaya da shebur zai iya gamawa cikin kwanaki. A gefen wani kwari kusa da garin na tsaya na kalli irin gangaren da ake nema: mai tsayi sosai, ƙasa mai ƙarfi, yana fuskantar kudu ko gabas, don iskar hunturu daga arewa da arewa maso yamma take busowa. Ana haƙa ɗaki a cikin gangaren, kamar ƙafa 12 zuwa 14 faɗi, 14 zuwa 16 tsawo. Bango uku ƙasar ce da kanta. Na gaba ana tayar da shi da tubalin ciyawa, wato ƙasar da aka yanko haɗe da saiwar ciyawarta, a bar ƙofa da ƙaramar taga ɗaya. A gicciya babban itace a tsakiya, a jera ƙananan sanduna daga bakin rafi kamar yadda ake jera azara, a shimfiɗa ƙirare da busasshiyar ciyawa, a rufe da ƙasa. Bututun murhu ne kaɗai ke leƙowa sama.

Amfaninsa ɗumi ne. A watan Janairu dare kan sauka digiri 9 ko 10 ƙasa da sifili, wani lokaci ya wuce 20, amma cikin rami wuta kaɗan ta isa. Illolinsa kuma duk daga ruwa suke farawa. Wanda ya haƙa kusa da gindin kwari don ya rage wa kansa tafiyar ɗebo ruwa, ruwan sama na dare ɗaya zai cika masa ɗaki. Wanda bai yanka lambatu a saman gangaren ba don karkatar da ruwa, bangon baya zai jiƙe ya zabtare. Rufin da itacensa ya yi siriri kan lotsa idan ƙasar da ke kai ta sha ruwa. Ga ƙuma, ga ɓeraye, ga macizai da ke neman ɗumi. Kuma tun da rufin daidai yake da fili, saniya mai kiwo na iya hawa ta burma.

Mataki na gaba shi ne gidan tubalin ciyawa, wanda ke tsaye a sarari. A nan ne hikimar ginin take, kuma duk wanda ya san ginin ƙasa zai gane dabarun. Ciyawar wannan fili ta yi dubban shekaru ba a taɓa ta ba, saiwarta ta sarƙe kamar tabarma mai kauri. Ana yanko ta a inda ƙasa ke da danshi, a kwari, don a can saiwa ta fi yawa. Kowane tubali faɗinsa kamar ƙafa 1, kaurinsa inci 4, tsawonsa ƙafa 2 zuwa 3, nauyinsa kuma ya kai kilo 20 ko fiye. Ba a yanka fiye da abin da za a gina a ranar, domin in ya bushe sai ya marmashe. Ana kifa shi, ciyawa ƙasa, saiwa sama, ba tare da kwaɓi ba. Bango layi biyu ne ko uku a kauri, ana kauce wa haɗa gaɓa a kan gaɓa, kuma duk bayan hawa biyu ko uku sai a gicciya tubalan don su ɗaure layin ciki da na waje. Ɗaki mai ƙafa 16 da 20 kan cinye ciyawar fili kusan eka ɗaya.

Kuskuren sabon magini a taga yake fitowa. Bangon na sauka da inci da yawa a shekarar farko yayin da yake danne kansa. In aka ɗora tubali kai tsaye a kan katakon taga, nauyin zai murɗe shi ya fasa gilashi, ƙofa kuma ta ƙi rufuwa. Don haka ake barin sarari a sama da katakon, a cusa tsumma ko ciyawa, ya matse a hankali. Ciki kuma a aske bango da shebur, a jira ya gama sauka, sannan a yi yaɓe da yumɓu da toka ko farar ƙasa. Rufi ne raunin gidan. Bayan ruwan sama mai ƙarfi yakan yi ta ɗiga kwana biyu ko uku bayan gari ya washe, shi ya sa mata ke ɗaure farin yadi a ƙarƙashinsa don tare ƙasa da ƙwari.

Hunturun farko an sha shi da wuya. Makamashi shi ne busasshen kashin shanu da na ɓauna, da karan wata fulawa mai bin rana da ke tsirowa ko'ina a Kansas, da 'yan ƙiraren bakin kogi. Maza sun koma Ellis da wasu garuruwa neman ƙodago a layin dogo ko a gonakin wasu. Wasu sun tsinci ƙasusuwan ɓauna da suka warwatsu a fili, ana sayensu a tasha dala 6 zuwa 8 a kan tan ɗaya, a kai gabas a yi taki da su ko a tace sukari. An aika wakilai garuruwan gabashin Kansas neman taimakon abinci da tufafi. Zuriyar mutanen kuma har yau suna ba da labarin cewa wasu 'yan ƙabilar Osage da ke dawowa daga farauta sun raba musu nama a wannan hunturu. A cikin wannan hali, a ƙarshen Oktoban 1877, aka haifi jariri na farko a garin.

Da bazara ta zo sai matsalar huɗa ta taso. Fasa wannan ƙasa ta farko ba aikin garmar gida ba ne. Ana buƙatar garma ta musamman mai dogon baki na ƙarfe da wuƙa a gaba, wadda ke yanka saiwar ta kifar da ita a doguwar shimfiɗa, kuma sai shanu biyu masu ƙarfi ko dawaki uku ke jan ta. Da su, eka ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake yi a yini. Zurfin inci 2 zuwa 3 ne kacal, domin in an zurfafa, saiwar ba ta ruɓewa. Lokacinsa Mayu da Yuni, sa'ad da ciyawa ke ɗanya: in an yi da wuri sai ta sake tohowa, in an makara sai ta bushe ta ƙi ruɓa. Da kaka sai a sake bi da garma, a ɗan ƙara zurfi, a juyo ƙasa a kai, sannan a shuka alkama. A shekarar farko masara kaɗai ake gwadawa, kuma da gatari ake shuka ta: a sari kifaffiyar ciyawar, a jefa ƙwaya uku ko huɗu, a take da diddige. Ba a yi mata noma, amfaninta kuma kaɗan ne.

Mutanen Nicodemus sun shiga bazarar 1878 kusan babu dabbar aiki. Rahotannin lokacin sun ambaci dawaki 'yan ƙalilan ga dukan jama'ar. Masu ɗan kuɗi sun ɗauki hayar maƙwabta su fasa musu, a kan dala 2 zuwa 3 kowace eka. Wani ya ɗaura wa saniyar tatsa garma. Sauran sun sunkuya da shebur da fartanya, suna juya wannan tabarmar saiwa da hannu, taki ɗaya bayan ɗaya. Na gwada tura wuƙa a ciyawar bakin hanya inda ba a taɓa nomawa ba, ta shiga da ƙyar. Iyalin da ya juya eka biyu ko uku da hannu a irin wannan ƙasa ya yi aikin da ya cancanci a ambata da girmamawa.

Sai kuma ruwan sama, wanda takardun talla ba su yi maganarsa ba. Yankin Lexington na samun fiye da milimita 1,100 a shekara. Nan kuwa kamar 550 zuwa 600 ne, rabin abin da suka saba, kuma ba shi da tabbas. Wanda ya yi noma a arewacin Katsina ko kudancin Maraɗi ya san irin wannan lissafi, inda shekara mai kyau biyu kan sa mutum ya manta da ta ukun. A 1878 ɗin nan ne masanin ƙasa John Wesley Powell ya gargaɗi majalisar Amurka cewa yamma da layi na 100 a cikin layukan taswira da ke tafiya daga arewa zuwa kudu, wanda ke ratsawa kamar mil 20 yamma da Nicodemus, eka 160 ba za ta riƙe iyali ba in babu ban-ruwa. Masara, wadda 'yan Kentucky suka fi sani, ita ce ta fi cutuwa, domin a watan Yuli, daidai lokacin da take fitar da gemu, iska mai zafi kan taso daga kudu ta ƙone ta cikin kwana biyu ko uku. Abin da ya zauna da ƙasar shi ne jar alkamar hunturu mai tauri, irin wadda baƙi daga Rasha suka shigo da ita Kansas a 1874, domin tana nuna kafin zafin ya tsananta. Sai dangin dawa, ciki har da takanɗa da ake matsewa a dafa a samu maɗi, wanda shi ne sukarin talaka a wancan zamani.

Duk da haka garin ya tashi, kuma da sauri. Z. T. Fletcher, wanda ya zo da ayarin farko, ya buɗe kanti da gidan waya, matarsa Jenny ta fara koyar da yara a cikin gidan rami. Gundumar makaranta ta farko a duk yankin Graham, inda garin yake, a nan aka kafa ta. A 1878 wasu matasa biyu masu ilimi suka iso daga Chicago, Abram Hall, ɗan jarida, da Edward McCabe. Suka buɗe ofishin taimaka wa mutane rajistar filaye, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a cikin jama'ar da aka hana wa yawancinsu karatu a zamanin bauta, ga shi kuskuren lamba ɗaya a takarda na iya sa mutum ya shekara yana gyara gonar wani. A 1879 mutanen garin suka yanke shawarar daina neman taimako daga waje. Da aka kafa hukumar yankin Graham a 1880, McCabe ya zama magatakarda, a 1882 kuma aka zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas baki ɗaya, aka sake zaɓensa a 1884.

Gine-gine suka fito daga rami zuwa tubalin ciyawa, daga nan zuwa dutse. Akwai wani farin dutse mai laushi a gaɓoɓin kogin Solomon da ke kusa da garin, wanda ana iya yanka shi da zarto lokacin da aka fito da shi, sai ya ƙara tauri bayan ya sha iska. Da shi Fletcher ya gina masaukin St. Francis a 1881. Zuwa 1887 akwai banki, kantuna da dama, shagunan magani, wurin hayar dawaki, coci-coci, da jaridu biyu, Western Cyclone da Nicodemus Enterprise. Wani zai yi mamakin jarida biyu a ƙaramin gari haka. Dalilin yana cikin doka: duk mai shirin karɓar takardar mallakar gonarsa sai ya buga sanarwa a jaridar da ta fi kusa na tsawon makonni, don mai ƙorafi ya fito, kuma wannan kuɗi ne ke riƙe da jaridun karkara. 'Yan kasuwa farar fata ma sun zo sun buɗe shaguna a gefen na baƙaƙen fata.

Duk wannan bunƙasa an gina ta ne a kan tsammanin jirgin ƙasa. Lissafin mai sauƙi ne. Amalanke ɗaya da dawaki biyu na ɗaukar alkama kamar tan ɗaya da 'yan kai. Kai ta tashar da ke da nisan mil 30 ko 35 kwana biyu ne zuwa, kwana biyu dawowa, ga abincin dabba da na mutum. Manomin da tasha ke mil 6 daga gonarsa kuwa zai kai lodi ya dawo kafin azahar, kuma inda ya sayar da hatsi a nan zai sayi gishiri, kananzir, katako da waya mai ƙaya. Saboda haka inda tasha ta tsaya, nan kasuwa za ta tsaya. Kamfanonin jirgi sun san haka, sai su sa garuruwa su yi ta gasa, kowa na alkawarin tallafi. A 1887 mutanen Nicodemus suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da bashin dala 16,000 don jawo layin kamfanin Missouri Pacific, wanda ya riga ya iso Stockton, ƙasa da mil 20 gabas. Layin bai ƙara gaba ba. An sa rai da kamfanin Santa Fe, shi ma shiru. A 1888 Union Pacific ya shimfiɗa nasa layin, amma ta kudancin kogin Solomon, ya kafa sansanin ma'aikata kamar mil 6 kudu maso yamma, wanda ya zama garin Bogue.

Irin wannan ya faru da ɗaruruwan garuruwa a Kansas, na farare da na baƙaƙe, domin ya fi wa kamfani riba ya kafa sabon gari a filin da yake da hannu a ciki ya sayar da filotai, da ya shiga garin da wasu suka riga suka mallaka. A 1888 ɗin ne kuma Hill City ta samu zama hedkwatar yankin. Cikin watanni 'yan kasuwar Nicodemus suka fara ƙetare kogi, wasu har da gine-ginensu na katako, a ɗora kan gungume a ja da dawaki. Banki ya rufe. Fari ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1880.

Manoman dai ba su tashi ba. Wannan shi ne abin da nake ganin masu ba da labarin garin kan yi saurin wucewa. Kantuna sun tafi, amma takardun mallakar gonaki suna hannun mutanen da aka haifa a matsayin dukiyar wani, kuma wasu iyalai sun ƙara saye har gonakinsu suka kai ɗaruruwan eka. Abin da ya rage su a hankali shi ne fari da guguwar ƙura ta shekarun 1930, da bashin banki, da kuma injuna, waɗanda suka sa mutum ɗaya ke noma abin da iyali goma ke nomawa a da. An rufe gidan waya a 1953. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 14.

Na zagaya garin a ƙafa cikin ƙasa da awa ɗaya. Titunan da kamfanin ya zana a 1877 na nan, masu faɗi, yawancin filotan ciyawa ce. Gine-gine biyar ne hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa ke lura da su tun da majalisa ta ayyana garin a matsayin wurin tarihi na ƙasa a watan Nuwamban 1996. Akwai masaukin Fletcher na 1881, ƙarami ƙwarai a ido idan aka tuna shi ne otal, gidan waya da gidan iyali a lokaci guda. Akwai cocin A.M.E., wato na ɗariƙar Methodist ta baƙaƙen fata, na dutse na 1885, da tsohon cocin Baptist na 1907, wanda jama'arsa suka fara ibada a rami, suka koma ɗakin tubalin ciyawa, sannan dutse. Akwai makarantar katako ta 1918 a gefen gari. Sai zauren taro na 1939, wanda mutanen garin suka gina da dutsen yankin a ƙarƙashin shirin gwamnati na samar da aiki lokacin karayar tattalin arziki, a nan kuma ake karɓar baƙi. Gidajen rami da na tubalin ciyawa babu ko ɗaya a tsaye. Irin wannan gini shekara shida zuwa goma yake yi in ba a kula da rufinsa ba, sannan ya koma ƙasar da aka yanko shi. Abin da ke saura sai ɗan lotsawa a gefen gangare.

Tun 1878 mutanen garin ke bikin 'yanci a farkon Agusta, ranar da ke tuna soke bauta a tsibiran da Ingila ke mulka a 1834. Bikin bai yanke ba. Yanzu ana yin sa a ƙarshen makon ƙarshe na Yuli, zuriyar waɗanda suka kafa garin na zuwa daga Denver, Kansas City, California da sauran wurare, ɗaruruwansu, a yi fareti, a yi ibada, a ziyarci maƙabartu.

Da zan tafi na bi titi mai lamba 24 zuwa yamma, na karya kudu, na ƙetare gadar kogin Solomon, wanda a ranar ruwansa bai fi a tsallaka da ƙafa ba. Cikin minti goma na shiga Bogue. Dogon rumbun hatsi ne ya fara bayyana, sai 'yan tituna kaɗan da gidaje. Mutanen garin a yau ba su kai 200 ba.